Teburin Jatau da Ƙaninsa Nomau

Jatau kafinta ne a Garin Magaji. Gidansa mutum uku: shi, da matarsa Ladidi, da ƙaninsa Nomau, ƙato mai gemu wanda abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A ƙasa Jatau ke aiki a durƙushe, har bayansa ya soma gagararsa. Ya samu katakon maɗaci uku, ya ce teburin aiki zai yi, in ba haka ba sana'a ta ƙare.

Wata rana ya ba Nomau gizago da katako ɗaya. "Yi ta sassaƙa sai na dawo." Ya fita, aka tare shi da jana'iza a ƙauyen gaba. Da la'asar ya dawo ya tarar da tulin ɓawo, Nomau na riƙe da abu kamar faifai.

"Ina katakona?"

"Ga shi, Yaya. Ka daɗe."

Jatau bai ci tuwo ba ranar.

Wata rana kuma ya ba shi zarto da katako na biyu. "Ƙafa huɗu, kowace daidai ƙuguna." Ya zauna a tabarma shan fura. Nomau ya zo da igiya ya auna shi a zaune, ya tafi ya yanke. Ƙafafun ba su wuce taƙi ɗaya ba.

"Wa zai yi aiki a kan wannan? Kaza?"

"Ƙugunka na auna, Yaya. Tambayi Ladidi."

Ladidi ta shige ɗaki tana ƙunshe dariya.

Saura katako ɗaya, kuma babu na yin ƙafafu. Wata rana Jatau ya jefa masa shi cikin fushi. "Kafa shi a kan abin da ba ya motsi, ka ɓace mini." Nomau ya bi gida yana turawa. Turmi ya motsa. Randa ta motsa, ta fashe. Ya fita ƙofar gida ya tura kututturen tsamiyar da aka sare bara, bai motsa ba. Ya ɗora katakon, ya ƙarar da ƙusoshin gidan a kansa.

Jatau ya fito yana zage-zage. "A bakin hanya? In zama abin kallo?" Ya sa guduma zai ɓamɓare. Ya buga, ya buga, har gumi ya jiƙe shi. Ko girgiza katakon bai yi ba. Ya dafa shi don ya huta, sai ya lura a miƙe yake tsaye, katakon daidai ƙugunsa.

Wani mai wucewa da karyayyar kujera a ka ya tsaya. "Malam, ana gyara a nan?"

Jatau ya harari Nomau. "Kada ka ɗauka daidai ka yi. Miƙo mini zarto."