Shinkafar Aro ta Hajiya Batulu

"Lafiya lau, amarya. Ya sanyi?"

"Wace amaryar? Ai tun bara alƙali ya raba aurenmu. Miji ba cefane, ba leƙe, waya ma sai wata Baturiya ta ɗauka ta ce in bar saƙo."

Mubarik ya yi dariya ya cire takalmi. Hajiya Batulu kakarsa ce, ita ta goye shi a zangon Kumasi kafin duk su dawo Ingila. Ita tana unguwar Small Heath a Birmingham tana dafa abincin biki da suna, shi kuma yana Manchester yana karatun lauya a jami'a. A can ya yi suna wajen masu ƙananan shaguna. Duk wanda kamfanin sayar da hotuna ya aiko wa takardar barazana, cewa ya sa hotonsu a shafinsa na intanet ba izini, flat ɗin da Mubarik ke haya a unguwar Hulme yake nufa a rubuta masa amsa. Sai jiya ya ji daga bakin mahaifiyarsa cewa kakarsa ma an aiko mata irinta tun kafin azumi.

Ta jawo takardar daga ƙarƙashin darduma ta miƙa masa. A jikinta an buga hoton da ake magana: farantin dafa-duka, da wani mai gyaran kwamfuta ya tsinto ya manna a shafinta.

"Hajiya, ke da kike cewa duk Birmingham ba mai riƙe ludayi irinki, ashe da shinkafar aro kike talla?"

"Kalle ta da kyau, mai ido kamar na kifi. Wannan shinkafar ko dahuwa ba ta yi ba. Ni ya kamata su biya, sun ɓata mini suna."

"To sai mu kai ki kotu a keken tura marasa lafiya, alƙali ya ga ba ki da haƙoran cin shinkafar ma."

"Haƙoran da na rasa wajen tauna maka nama suka tafi, butulu."

Ya zauna ya yi mata bayani a hankali. Ya ce ba sammacin kotu ba ne, kamfanin ne yake neman a tsorata a biya shi abin da ya yanka. Za a cire hoton, a rubuta musu su nuna shaidar nasu ne, sannan a yi tayi daidai da abin da hoton ke ci tun farko. Ya ce da yawa cikin waɗanda ya rubuta wa a haka maganarsu ta mutu. Yana cikin magana idonsa ya kai kicin. Wurin da manyan tukwanenta suke jere babu komai, sai shacin gindinsu a kan leda.

"Ina tukwanen?"

"Sun yi aure. Sun gaji da jiranka."

"Hajiya."

Ta gyara mayafi ta juya fuska wajen taga. Ta ce da ta ga tambari da kalmar kotu, ta ɗauka 'yan council, wato hukumar gari, za su zo su rufe gidan, ƙila ma a taɓa takardun zamanta. Sai ta sa aka kashe shafin, ta mayar wa masu biki aikinsu, tukwanen kuma ta sayar wa wata Saudatu da ke Alum Rock. Masu cinikinta duk sun bi tukwanen.

Mubarik ya tuna yadda yake ganin sunanta a waya ya kife ta, yana cewa anjima, alhali yana zaune yana rubuta wa mai aski da mai sayar da katin waya irin wannan amsar kyauta.

"Da kin bar saƙon," ya ce a hankali.

"In gaya wa Baturiyarka sirrina? Da dai kai ka ɗauka."

"Haka ne. Da na ɗauka."

Ta dube shi ta ga idonsa ya kaɗa, abin bai yi mata daɗi ba.

"Kai, kada ka jiƙa mini kafet. Lauyan da ke kuka wa zai ba shi shari'a? Rubuta abin da za ka rubuta. Ka ƙara musu da cewa mai shinkafarsu ya zo in koya masa girki."

Ya buɗe kwamfutarsa ya rubuta, yana karanta mata tana gyara masa Turanci da Hausa. Da ya gama ya ce ranar Asabar zai dawo su je wajen Saudatu, ko za ta yarda ta sayar masa da babbar tukunyar.

"Da wane arzikin? Rigar nan ma ta aro ce."

"Sadaki ne. Mayar da aurena zan yi."

"Na yi maka tsufa, kuma bayana ya daina ɗaukar tukunya."

"Ni zan ɗauka."

Dariya ta ƙwace mata. Ta tashi da ƙyar ta buɗe firij, ta ɗauko kwalbar yajin shito da ta soya da hannunta, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, ka ci nasara. Amma in ba ka zo Asabar ba, direban bas zan aura."