Rasuwar Jakar Goyon Funaki a Gangaren Bukka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda har yau ya kasa ɗagowa, Tadayoshi Funaki na ƙauyen Uchizawa, direban motar kwashe ƙanƙara, yana sanar da dangi da maƙwabta da abokan farauta rasuwar jakarsa ta goyo. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga Afrilu, da hantsi, a kan gangaren da ke ƙasa da bukkar mafarauta, a gaban shaidu shida. Ta bar duniya tana da shekara goma sha tara. Cikinta lita arba'in da biyar ne, kuma ba ta taɓa da'awar ta fi haka ba.

An sayo marigayiyar a birnin Odate, shekarar da 'yarsa Chizuru ta shiga firamare. Koriya ce shar a lokacin, ta zane mai kauri, amma rana da ruwa suka yi ta cinta har ta koma ruwan ƙasa, launin miyar miso. Mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Ta ɗauki curin shinkafa da wuƙa da igiya da harsashi zuwa duwatsun Akita fiye da yadda za a iya ƙirgawa, ta zama matashin kai a bukka, ta zama kujera a kan ƙanƙara. Ɓera ya taɓa ci mata kusurwa, uwargida Hisae ta yi mata faci, ba ta ƙullaci kowa ba. Maganarta kaɗan ce. In an ɗaure ta sai ta ce ƙas, in ana hawa da ita sai ta riƙa ƙiƙ-ƙiƙ a kafaɗar hagu, kamar mai ba mutum ƙarfin gwiwa. A farautar kwana biyu babu wadda ta fi ta. Wannan shi ne iyakarta, kuma mai ita ya sani.

Ciwon ajalinta ya fara ne a watan Fabrairu, a gidan tsoho Genzo Komatsu, shugaban mafarauta. A nan aka yanke cewa farautar beyar ta bana kwana biyar za ta ci, domin waɗannan manyan namun dajin masu gashi da farata sun janye can bayan tsauni na uku. A nan ne kuma aka ce Chizuru za ta bi su. A zamanin kakanni mace ba ta haye gada ta ƙarshe ta shiga dutse, wai aljanar da suke kira uwar dutse mai kishi ce. To amma ga shi autan ayarin mafarautan shi ne Tadayoshi da kansa, mai shekara hamsin da biyu. Tsofaffi suka yi hunturu biyu suna jayayya kafin su sauko. Yarinyar kuwa ta ci jarrabawar lasisi, ta mallaki bindiga, tana jira.

"Gwaji ne," in ji tsoho Genzo. "A dutse babu 'ya, babu uba. Kowa ya hau da kayansa, ya sauko da rabonsa a bayansa. In ta iya, zan rubuta sunanta a ayarin farautar lokacin kaka."

Chizuru ta je birni aka auna bayanta, ta zaɓo jaka mai lita saba'in. Da ta dawo ta tsaya tana duban marigayiyar inda take rataye a bakin ƙofa.

"Baba, taka ta kwana biyu ce. Biyar za mu yi, kuma da nama za mu sauko. Mu koma gobe ka zaɓi babba."

"Jakar nan ta girme bindigarki," ya ce. "Manyan jakunkuna na 'yan birni ne, masu hawa dutse da tukunyar kofi."

"To, shi ke nan. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ɗaukar mini komai, Baba. Ko allura."

Ya yi alkawari, a gaban uwarta.

Duk mafaraucin Uchizawa ya san don saukowa ake zaɓen jaka. Ana tafiya da kashi ɗaya cikin uku nata fanko, a bar wa nama wuri. Tadayoshi ya san wannan tun kafin a haifi yarinyar. Amma ana jibi tafiya ya ji a rediyo za a yi sanyi, sai hankalinsa ya tashi. Ya cire rigarsa ta sanyi ta biyu, ya sa safa uku daidai ƙafar Chizuru. Ya cire rigar ruwansa, ya sa ƙaramin bargo. Ya ƙara ƙunshin ɗumama hannu ashirin, da busassun 'ya'yan itacen kaki da take so, da maganin tarin da take sha tun tana 'yar shekara bakwai, wanda sai da ya zagaya kanti uku kafin ya samu.

Hisae tana yankan kabeji ta ce, "In ta gani, ni ba ruwana."

"Ba za ta gani ba."

"Haka ka ce ranar da ka bi ta a mota zuwa wurin aikinta na farko."

Da ya ja zif, marigayiyar ta yi wani nishi da ba ta taɓa yi ba. Ya ji, ya yi kamar bai ji ba.

Kwana huɗu a dutse Chizuru ba ta nemi komai ba. Ko tari ba ta yi ba. Mai jakar ne ya yi ta kaɗuwa a cikin riga ɗaya, yana cewa iskar bana mai daɗi ce. Rana ta huɗu aka samu beyar. Yarinyar tana cikin masu kora, ita ta hau mafi munin kwazazzabo tana ihu har dabbar ta fito wa masu harbi. Tsoho Genzo ya yi wa beyar addu'ar da ake yi, aka feɗe, aka kasa nama kashi bakwai daidai wa daida, domin a al'adarsu wanda ya harba bai fi wanda ya kora ko da tsoka ɗaya ba. Kowa ya ƙulle nasa a leda biyu, ya rubuta sunansa.

Jakar kowa da wuri, ban da ta Tadayoshi. Ba a barin shara a dutse, kuma fito da kayan tonon asiri ne. Sai ya sa gwiwa ya danna nama a kan bargo. Da a nan ya tsaya, watakila da marigayiyar tana raye. Mai sanarwa ya so ya tsallake abin da ya biyo baya, amma ba a yi wa mamaci ƙarya. Da safen saukowa, Chizuru ta je rafi wanke tukunya. Ya buɗe jakarta, ya zare leda ɗaya daga rabonta, ya cusa a tasa.

Sun yi kamar awa ɗaya suna gangarowa sai ya ji muryarta a gaba, cike da murna, tana ce wa mutane, "Ashe nauyin bai kai yadda nake tsoro ba."

Bayan wannan da kaɗan ƙiƙ-ƙiƙ ɗin kafaɗar hagu ya tsaya. Marigayiyar ta ce ɓarrr, tun daga wuya har gindi, kuma wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Kayan cikinta suka bi ƙanƙara suna gangarawa ɗaya bayan ɗaya.

Rikio Togashi, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba, ya tare safa da sandarsa. "Kai Tadayoshi, ashe kanti ka buɗe mana a dutse ba ka faɗa ba? Akwai ta ƙafata? Ga maganin yaye ma ka taho da shi."

Aka yi dariya. Dariyar ta mutu lokacin da leda ta uku ta tsaya a ƙafar tsoho Genzo, sunan da aka rubuta a jikinta yana sama.

"Wannan ta wa ce?" in ji tsohon.

"Tawa ce," in ji Chizuru.

"Ke kika ba shi?"

Ta dubi ubanta.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Ba ta sani ba."

Ta sauke jakarta, ta bi gangara tana tsintar kaya, naman nata da nasa, da bargo, da safa, da kwalbar magani. Duka suka shiga, har da sauran wuri. Uban ya miƙa hannu zai taimaka, tsoho ya ce, "Bar ta." Awa shida ta yi da rabon mutum biyu a bayanta har bakin titi. Shi kuwa yana ƙarshen layi, bindiga a kafaɗa, gawa a rungume.

Babu laifin masu ɗinki, babu na tsufa. Nauyin da ya kashe ta ba nata ba ne.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai ita, wanda bai ƙara zuwa gidan wanka na ƙauye, inda maza ke haɗuwa, ba tun ranar. Da uwargida Hisae, wadda ba ta ce "ai na faɗa" ba, ta dai bar shi ya karanta a fuskarta. Da bindiga ɗaya, da wuƙa, da takalma biyu. Ta kuma bar jaka mai lita saba'in, wadda ba danginta ba ce amma ta yi mata abin da dangi suke yi. Ta bar Chizuru, wadda kwana goma sha ɗaya ke nan iyakar maganarta da ubanta ita ce "abinci ya sauka."

Ranar Litinin tsoho Genzo ya zo gaisuwa. Ya sha shayi, ya dubi gawar, ya ce, "Yarinyar ta iya. Amma muddin kana bayanta, ba mai yarda ita ta iya, har ita kanta. Funaki ɗaya zan rubuta a kaka. Ku shirya tsakaninku." Jiya kuma Hisae ta gaya wa Tadayoshi cewa Chizuru ta ce ita za ta janye, tunda shi ya shekara talatin a ayarin.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe a haikalin ƙauye, inda ake sallamar tsofaffin allurai da kayan aiki. Malamin haikali ya yarda zai yi karatu a kanta kafin a ƙona, da sharaɗin a cire ƙarafunan, waɗanda za su bi motar shara ta ranar Laraba. Bayan nan za a ci romon beyar a gida. Ana roƙon Rikio Togashi da kada ya yi jawabi.

Iyali suna kuma sanar da cewa ba za a yi wa marigayiyar magajiya ba bana. Mutum ba ya hawa dutse ba jaka, don haka tsoho Genzo ya san sunan da zai rubuta. Zaman makoki an ɗage shi zuwa watan Nuwamba, kwana biyar ɗin da ayari zai yi a dutse. Masu zuwa ta'aziyya za su sami Tadayoshi Funaki a gida safe da yamma. Ana roƙonsu su zo da ƙafa, kada su buga waya, domin layin yana bukatar ya zauna a buɗe, ko Chizuru za ta kira.