Mai Walda da Bokitin Kaka

Tun yana ɗan yaye Kaka ta taɓa yin rigima da mazan gidan a kan jikan nan nata. Ranar ya kwaɗa wa yayarsa murfin tukunya a goshi, kawunnansa suka hau tafi, wai namiji ya iso. Ta wanke su tas, har da ubansa. To yau ga shi ya zama ƙato, mai walda, ya tsuguna a ƙofar ɗakinta da kwalin sababbin kofuna. Jiya ya farfasa na matarsa a jikin bango, gilashi ya yanki ɗiyarsu a ƙafa. Abin da bai sani ba, matar tana bayan labulen Kaka, jakarta a ɗaure, ta ce yau za ta bar shi.

"...da gajiya kuma, amaryata?"

"Amaryar wa? Na sake ka tun jiya. Ba na zama da mijin da yake dambe da kofi."

"Ke da babu haƙori ko ɗaya, wa zai kwashe ki in ba ni ba?" Ya yi dariya, dariyar ba ta kai zuci ba. "Ki taimaka ki kai mata waɗannan. Na je gidansu ba ta nan. Ke za ta saurara."

"In ce mata me?"

"Ki ce ba da gangan ba ne. Likita ma ya faɗa a rediyo, akwai wani sinadari a jinin maza, shi ke sa mu zafin hannu. Halitta ce."

"Ban musa ba. Na ga zakara, na ga kaza. Amma ranar da direban babbar mota ya zage ka ta uwa ta uba a shagonka, ina sinadarin? Ya tafi ganin gida?"

"Kai, tsohuwa! Wannan ai ya yi uku na."

"Ashe jinin naka yana da ido, yana auna ƙato. Kuma a duk ɗakin, kayanta ya gani. Naka ko ƙwarzane."

Ya sunkuyar da kai. Kaka ta ji labule ya motsa a bayanta, amma ba ta waiga ba.

"Ku mata ba za ku gane ba," ya ce. "Ba ku da irin zuciyarmu."

"Mu? Fushin da ke cikina ya isa ya narkar da ƙarfen shagonka. Da yayarka ta rama, ita aka zane. Kai aka tafa wa. Mu aka ce mu haɗiye, shi ya sa namu ke fitowa ta baki. Miƙo min wayarka in ga hoton yarinyar."

Ya miƙa. Sabuwa ce, ko wata bai yi da ita ba. Kaka ta ɗaga ta saman bokitin wankinta, ta dube shi ido cikin ido, ta sake ta.

Ya zabura tsaye. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya dunƙule hannu. Kaka ta miƙa masa kumatu.

"Bismillah, angona. Ai halitta ce."

Can ya mayar da hannuwan bayansa, ya koma ya tsuguna yana huci.

"Leƙa bokitin."

Babu ko ɗigon ruwa. Wayar tana kwance a kan tsummoki. Ya fashe da dariya, hawaye na bin fuskarsa.

"Wallahi kin ci ni, muguwar tsohuwa. Riƙe wayar ma, na ba ki."

"In kira wa, kakanka a kabari?" Ta ɗaga murya. "Fito, kin gani da idonki."

Matar ta fito, yarinya a kafaɗa, ƙafa a naɗe. Bai iya ɗago kai ba.

"Zama ko tafiya, ke kika sani, ba na matsa miki," in ji Kaka. "Kai kuma, hannun da ya tsaya saboda ni zai iya tsayawa saboda ita. Ɗauki kofunanka ka miƙa da kanka. Ran da na sake jin zancen sinadari, bokitin da ruwa za ka tarar, kuma kanka zan tsoma."