Ranar da na ɗauko surukina

Ba zan taɓa manta Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanwar matata ba. Ni na roƙa a bar ni in ɗauko waliyyi, wato surukina. Shekara shida ina zuwa gidansa a kan babur, yau ga ni da mota! Sau biyu na wanke ta, har turare na yi mata.

Sai dai motar tana da ciwo. Duk sanda na murɗa bolan, wato sitiyari, sai ƙafar gaba ta ce ƙwas. Da na kai ta garaji, Illa makanisiye ya ɗaga ta, ya girgiza ƙafar da hannu biyu, ya ce, "Mushe, rotil ɗin ya gama. Shi ke riƙe ƙafa da bolan. A canza shi."

Ni kuwa mai koyar da kimiyya ne a lakol, wato makaranta, shi ya sa ake ce mini Mushe, malam ke nan da Faransanci. Na yi masa bayanin minti goma da Faransanci, na dawo gida, na yanko tsohuwar roba na naɗe wurin tamau. Ƙarar ta ɗauke. (Har matata na kira ta zo ta ji shirun.)

Ranar Asabar na je ɗaukar surukina, Tsoho ya shiga gaba da rawaninsa. Tsakaninmu akwai kunya, ba ma hira. Abin da na manta shi ne, shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota a hanyar Fachi. Muna shiga lungunan tsohon gari ƙwas ɗin ya dawo. Ya karkata kai, ya ce wa gilashi, "Motar nan tana magana."

"Duwatsu ne, Baba," na ce wa bolan.

Saura mu sha kwana ɗaya mu isa wurin ɗaurin auren. Ga tabarmi, ga liman, ga dangin ango sun zuba ido, ba a jiran kowa sai shi. Na danna oda don a san mun iso, na murɗa hagu da ƙasaita. Ƙafa ɗaya ta bi ni. Ɗayar ta nufi dama abinta. Motar ta ja ƙasa, ta tsaya a karkace.

Tsoho ya fito, ya tattare riga, ya duƙa. Sai ga shi ya miƙe da robata tana reto a hannunsa.

"Aikin wa ne wannan?"

"Wani makanisiye ne, Baba. Ba su da imani."

Daga kan tabarma ta biyu wata murya ta ce, "Mushe, ni dai canzawa na ce."

Illa ne, da goro a baki. Ashe kawun ango ne.

Surukina ya miƙa mini robar da hannu biyu, kamar yana ba ni takardar shaida, ya ƙarasa da ƙafa. Aka ɗaura aure a kan lokaci, ni kuma na shafa fatiha ina tsugune bayan mota.

Na koyi darasi: a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, kafin ka ɗora wa mutum laifi, fara duba waɗanda ke zaune a tabarma.