Kwalekwale a Hannun Mai Faci

Wani ne a Malali, tsohon direban ma'aikata, yana yin ritaya sai ya sayi kwalekwale. Mutumin da ko iyo bai iya ba. Bai tsaya nan ba, ya je gaban surukinsa ya bugi ƙirji, ya ce ran Asabar ta ƙarshen wata shi zai ƙetaro masa da masararsa daga gonar tsallaken kogi.

Shu'aibu masunci, wanda ya sayar masa, ya ja masa kunne ya bar jirgin a ruwa, don katako in ya bushe tsagewa yake yi. Gogan naka ya ce shekara talatin yana riƙe da motar gwamnati, ko yayyafi bai taɓa bari ya taɓa ta ba. Ya sa aka kinkimo jirgin zuwa ƙofar gida, ya ɗora shi kan bulo, kullum yana goge shi da tsumma. Rana ta gasa shi mako uku. Ran Juma'a aka mayar da shi kogi, ya shiga shan ruwa kamar kwando.

Hankalinsa ya tashi. Kunyar Shu'aibu ta hana shi komawa, sai ya ɗauko Nazifi mai faci, wanda ya daɗe yana liƙe masa tayoyi.

"Nazifi, ka taɓa facin jirgi?"

"Alhaji, huda ai huda ce. Yadda muke wa tiyub za mu yi masa. A danna shi cikin ruwa, inda kumfa ta taso nan ne."

Suka shiga kogi har ruwa ya kai musu ƙirji. Suka danna, jirgi ya ƙi nutsewa. Suka hau kai, ya ƙi. Nazifi ya ce wannan taurin kai ne, a kawo duwatsu. Suka loda masa ya yi ƙasa, ruwa ya ja shi can cikin zurfi. Jim kaɗan kumfa ta taso. Nazifi ya zaro tsinken ashana daga bayan kunne ya soka a cikinta, yadda ya saba sa shaida a huda.

Suka tsaya jira. Jirgi bai taso ba.

"Nazifi, ina jirgin? Gobe fa Asabar."

Nazifi ya nuna tsinken, ruwa na tafiya da shi.

"Alhaji, ni dai na gano hudar, ga shaida can. Bi tsinken nan ka ɗauko mini jirgin in liƙe maka."