Takunkumin Masta Karimu

Duk Yendi babu mai feshin fenti kamar Masta Karimu, kuma shi da bakinsa ya tabbatar da haka. Babur in ya bi ta hannunsa, mai shi a jikin tanki yake duba zaman hularsa. Saboda haka da ma'aikatan lafiya suka zo gareji suna bayanin isosayanet, gubar da ke cikin ruwan da ake zuba wa fenti don ya yi tauri, shi suka fara miƙa wa takunkumin fuska mai gwangwanin tace iska biyu a kumatu. Sun ce ta iska gubar take bi ta shaƙe ƙirji. Masta ya gyaɗa kai. Abin da ya fahimta, an yi masa naɗi.

Tun ranar ake kiransa Janar. Da takunkumin a wuya yake zuwa suna, da shi yake zuwa ɗaurin aure, har Salaga ya kai shi ta'aziyya. In zai yi jawabi sai ya ɗora shi a goshi.

Ɗakin feshi kaɗai ne ba ya shiga da shi. Kafin ya fara aiki sai ya naɗe shi a leda ya kulle a akwati.

"Kayan Turai ne, ba a kai shi cikin datti," in ji shi. "Mu manyan masta, gwangwanin madara ya isa ya wanke mana ƙirji."

Matarsa Atikatu ta sha gaya masa numfashinsa ya fara fito kamar butar shayi. Ya ce mata injin mai ƙarfi dole ya yi ƙara.

Ranar taron masu feshi, ga baƙi har daga Bawku, Janar ya miƙe zai koya musu kiyaye lafiya. Ya ce, "'Yan'uwa." Sauran jawabin kuwa, ƙirjinsa ne ya ƙarasa shi da fito. A bayan babur aka kai shi asibiti, hannunsa ɗaya na kare takunkumin daga ƙura.

Nas Rafi'atu ta saurari ƙirjin, ta ce asma ce ta fenti, in yana son ransa ya bar ɗakin feshi har abada. Janar ya nuna takunkumin da ke goshinsa, yana haki, ya ce ba a faɗa wa mai irin wannan kaya haka.

Ta karɓa, ta juya shi, ta ga har yanzu takardar kanti na liƙe a bakin gwangwanayen, ba a taɓa ɓare ta ba.

"Baba, wannan kam lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ko tari bai taɓa yi ba."