Jatau da Talotalon Daji

In ana lissafin masu cika baki a garinmu, a fara da Jatau, in ya so sauran su biyo baya. Mutumin nan yana da bindigar toka, yana da layu har kafaɗa, amma tunda nake ban taɓa jin ƙamshin naman daji ya fito daga gidansa ba. Abin da yake tinƙaho da shi wai ya iya kiran zabi. Sai ya zauna a majalisa ya kama maƙogwaro ya yi ta wani irin kuka mai ban takaici, sannan ya ce da a daji ne da tuni sun kewaye shi. Ana nan Allah ya yi wa Sarkin Baka, shugaban maharba, rasuwa, Dagaci ya ce rawanin na wanda ya shiga dajin gwamnati da ke bayan gari ya fito da nama ne, ba na mai dogon labari ba. Jatau ya ƙwallafa rai a kan rawanin nan, har ya fara koya wa matarsa yadda za ta riƙa ce masa ranka ya daɗe.

To shi dajin nan na kowa da kowa ne. Mai bindiga ya shiga, mai karnuka ya shiga, masu saran itace ma ba su bar shi ya huta ba. 'Yan zabin da suka rage a ciki sun sha wuya sun yi wayo, ko kara ka taka sun tashi. Jatau ya ɗaura kan burtu a goshi, irin wanda maharba ke sawa don tsuntsaye su ɗauka ɗan'uwansu ne, ya yi ta rarrafe ƙaya na sukarsa. Ya laɓe a gindin kalgo ya yi ta kira tun hantsi har muryarsa ta dushe. Zabi suna can kan tudu, suka leƙo shi da ido ɗaya, suka yi gaba abinsu.

Da rana ta karkata ya kamo hanyar gida a gajiye. Ya zo bakin daji, don haushi ya sake ƙwala kiran sau ɗaya, sai ya ji an amsa daga bayan sabara: gulu-gulu-gulu! Wani ƙaton tsuntsu ya fito ya baje wutsiya, ya nufo shi yana taƙama, ko gezau. Gogan naka bai tsaya tambaya ba, ya ɗana ya sake masa wuta.

Ko gida bai biya ba, ƙofar Dagaci ya zarce, ya dire tsuntsun a gaban jama'a. Kowa ya duba ya ga talotalo. Amma Jatau ya rantse wannan talotalon daji ne, irin wanda kakanninmu ma labarinsa kawai suka ji, shi ne ya kirawo shi daga tsakiyar ƙungurmi da bakinsa. Wallahi ni da ke tsaye a wurin kunya ta kama ni a madadinsa, shi kuwa sai gyara hula yake yi yana satar kallon rawanin da ke gefen Dagaci.

Bai rufe baki ba sai ga Gwaggo Tasalla, tsohuwar da gidanta ne na ƙarshe kafin a shiga dajin, ta taho tana huci, mayafi a hannu. Ta durƙusa ta gai da Dagaci a gurguje, ta ce talotalonta ne, tun yana ƙwai ta sa wa kaza ta ƙyanƙyashe mata shi, da hannunta ta yi ta ba shi gara har ya girma. Ta ɗaga fiffiken ta nuna jan ƙyallen da ta ɗaura masa don shaida. Jatau ya ce ƙyalle ba hujja ba ne, daji cike yake da tsummokara, tsuntsu na iya ratsawa ya kwaso.

Dagaci ya dube shi ya ce, “Har da ƙulli biyu, Jatau?”

Nan fa Jatau ya ga rawani na neman suɓuce masa, sai ya koma kan abin da yake ganin ba mai ja da shi.

“Ranka ya daɗe, a bar zancen ƙyalle. Kiran da na yi kiran dawa ne, gadonsa na yi, tsuntsun gida bai san shi ba. In dai na Gwaggo ne, me ya sa ya amsa mini, ya taho a guje?”

Tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

“Ɗan nan, wannan tsuntsun ko jakina ya yi tusa sai ya amsa ya taho a guje. Amma shi jakin bai taɓa zuwa fada neman rawani a kai ba.”